Bashin Kwastan A Kan Kamfanin Haɗin Guiwa: Yadda Kotunan Indiya Suka Shata Iyakar Hannun Hukuma

Daga cikin shari'o'in da 'yan kasuwa masu fitar da kaya ke yawan kaiwa gaban manyan kotunan ƙasar Indiya akwai ta ƙalubalantar Hukumar Kwastan, a lokacin da ta tashi karɓo kuɗin fito da take bin wani kamfani. Maganar takan fi zafi idan kamfanin na haɗin guiwa ne, wato irin wanda mutum biyu ko fiye suka haɗa jari bisa yarjejeniyar raba riba, domin kuwa a nan bashin ba ya tsayawa ga sito da asusun kamfani. Yakan bi kowane abokin haɗin guiwa har gidansa da gonarsa da ajiyarsa ta banki.

Hukunce-hukuncen da kotunan ƙasar suka yanke daga 1979 zuwa 2024 sun nuna cewa da wuya abokin haɗin guiwa ya kuɓuta ta hanyar cewa bashin na kamfani ne, ba nasa ba. Waɗanda suka yi nasara galibi sun yi ta ne ta hanyar nuna cewa hukuma ta tsallake wani mataki da doka ta gindaya mata kafin ta taɓa dukiyar mutum.

Yadda mai fitar da kaya ke cin bashin kwastan

Mai yiwuwa a yi mamakin yadda wanda sana'arsa fitar da kaya ce zai wayi gari kwastan na bin sa kuɗin fito, tunda akasarin fiton a kan kayan da ake shigowa da su yake. Asalin bashin shi ne rangwamen da gwamnati ke bayarwa domin ƙarfafa cinikin waje. Hukumar Kula da Cinikin Waje ta ƙasar, wadda ake kira DGFT, tana ba da lasisi iri biyu da suka fi shahara. Na farko shi ne na shigo da ɗanyen kaya ba tare da biyan fito ba, bisa sharaɗin a sarrafa su a fitar da su waje, galibi cikin wata 18. Na biyu shi ne na shigo da injuna ba fito, wanda ake kira EPCG, bisa sharaɗin kamfanin ya fitar da kayan da darajarsu ta ninka fiton da aka yafe masa sau 6 cikin shekara 6.

Alal misali, kamfanin da aka yafe wa fiton Rupi miliyan 10 a kan injin saƙa, wajibi ne ya sayar da kayan Rupi miliyan 60 a ƙasashen waje cikin wa'adin. Kafin a sakar masa injin daga tashar jirgin ruwa, sai ya sa hannu a takardar alkawari cewa idan ya gaza zai biya fiton gwargwadon abin da ya rage, tare da kuɗin ruwa na kashi 15 cikin 100 a shekara, wanda ake lissafawa tun daga ranar da aka saki kayan. Idan aka ɗauki shekara 7 ko 8 kafin a rufe lissafi, kuɗin ruwan kan kai uwar kuɗin ko ya zarce ta.

Hanya ta uku ita ce ta kuɗin fito da ake mayar wa mai fitar da kaya a ƙarƙashin sashe na 75 na Dokar Kwastan ta 1962. Idan mai saye na waje bai biya ba, kuɗin cinikin kuma bai shigo ƙasar cikin wa'adin da Babban Bankin Indiya ya ɗiba ba, doka ta ɗauka tamkar ba a cancanci wannan kuɗi ba tun farko, sai a nemi a dawo da shi. Ke nan ba duk mai bashin kwastan ne ɗan fasa-ƙwauri ba. Faɗuwar kasuwa, ko gobara a masana'anta, ko mai sayen da ya tsere da kaya, duk suna iya jefa kamfani cikin wannan hali.

Makaman da ke hannun hukuma

Sashe na 142 na dokar ta 1962 ya ba kwastan hanyoyi da dama na karɓo kuɗinta. Tana iya cire bashin daga duk wani kuɗi da take riƙe da shi na mai bashin. Tana iya tsare kayansa da ke hannunta a tashar jirgi ta sayar. Tana iya aika takardar shaida ga babban jami'in gunduma domin ya karɓo kuɗin kamar yadda ake karɓo harajin ƙasa da aka ƙi biya. Tana kuma iya ɗora hannu a kan kadarorinsa, na ɗauka da na girke, ta yi gwanjonsu bisa ƙa'idojin da aka tsara a 1995. A 2013 aka ƙara mata ikon rubuta wa banki, ko duk wanda mai bashin ke bi kuɗi, ta umarce shi ya biya gwamnati kai tsaye.

To amma duk waɗannan makamai ba su hawa sai an tabbatar da bashin. Sashe na 28 ya wajabta a aika wa wanda ake tuhuma takardar neman bahasi, a saurare shi, sa'an nan jami'in da ke da hurumi ya yanke shawara a rubuce. Tun daga 2016 wa'adin aika wannan takarda shekara 2 ne, amma idan akwai haɗin baki, ko ƙarya da gangan, ko ɓoye gaskiya, yakan kai shekara 5.

Dalilin da ya sa bashi ke bin mutum gida

Tushen maganar yana cikin Dokar Haɗin Guiwa ta Indiya ta 1932. A idon wannan doka, kamfanin haɗin guiwa ba wani mutum ne daban da masu shi ba. Sunansa laƙabi ne kawai da abokan ke ciniki a ƙarƙashinsa. Sashe na 25 ya ce kowane aboki yana ɗauke da alhakin duk abin da kamfani ya aikata a lokacin da yake ciki, tare da sauran abokansa, da kuma shi kaɗai. Ma'anar wannan ita ce mai kashi 10 cikin 100 na riba ana iya neman bashin gaba ɗaya a hannunsa, daga baya shi ya bi abokansa su biya shi rabonsu. Wanda ya zuba jari kawai ya koma gida, bai taɓa leƙa ofis ba, shi ma bai tsira ba.

Kotun Ƙolin Indiya ba ta tsaya a wuri ɗaya ba tun farko. A 1979, a wata shari'ar harajin ciniki daga Jihar Madhya Pradesh, ta ce idan dokar haraji ta ɗauki kamfani a matsayin mai biyan haraji na kansa, ba kuma ta faɗi ƙarara cewa abokan za su ɗauki nauyinsa ba, to ba za a matsa wa aboki da hanyoyin tilastawa na dokar ba. Lauyoyin 'yan kasuwa sun daɗe suna dogara da wannan hukunci. Amma a 1996, a wata shari'ar harajin kuɗin shiga daga Jihar Tamil Nadu, kotun ta ce abokin da ya fita daga kamfani yana nan ɗauke da harajin shekarun da yake ciki, bisa sashe na 25. Haka nan a shekarar 2000, a shari'ar Bankin Dena, kotun ta amince Gwamnatin Jihar Karnataka ta karɓi harajin cinikin wani kamfanin haɗin guiwa daga kadarorin abokan, domin dokar jihar ta ɗora musu alhakin a fili.

Bambancin da ke tsakanin wannan da kamfanin hannun jari, irin wanda ake kira limited, babba ne. Manyan kotunan Bombay da Delhi sun yanke hukunci cewa ba a karɓar bashin kwastan ko harajin masana'antu na irin wannan kamfani daga aljihun daraktansa, matuƙar doka ba ta ce a yi haka ba, kuma shi bai tsaya wa kamfanin da kansa ba. Haka kuma Dokar 2008 ta kafa wani sabon nau'in haɗin guiwa mai iyakantaccen alhaki, inda dukiyar aboki ta kansa ke da kariya, sai fa idan an yi zamba.

Inda aboki ke samun mafita

Duk da haka dokar 1932 ta bar wasu ƙofofi. Wanda ya shigo kamfani daga baya ba ya ɗaukar alhakin abin da aka yi kafin zuwansa. Wanda ya rasu, ba a bin dukiyar da ya bari saboda abin da kamfani ya yi bayan rasuwarsa. Yaron da bai balaga ba da aka sa shi cikin masu cin riba, rabonsa na cikin kamfani kaɗai ake taɓawa. Wanda ya fita kuwa, alhakin abin da za a yi nan gaba ba ya sauka daga kansa sai ya yi sanarwa ga jama'a, wato ya shaida wa magatakardan rajistar kamfanoni idan kamfanin mai rajista ne, ya buga a gazet ta gwamnati da kuma wata jarida ta harshen yankin. Mutane da yawa sukan raba gari da abokansu a fatar baki ko a takarda tsakaninsu, su manta da sanarwar, sai bayan shekaru takardar kwastan ta iske su.

Saboda haka tambayar farko da alƙali kan duba ita ce ta kwanan wata: yaushe aka sa hannu a takardar alkawari, yaushe aka shigo da kayan, kuma su wa ke cikin kamfanin a lokacin.

Hujjojin da ake kaiwa kotu

Hujja ta farko ita ce rashin sauraro. Idan ba a isar da takardar neman bahasi ta hanyar da doka ta tsara ba, ko an yanke shawara ba tare da an ba mutum damar kare kansa ba, manyan kotuna kan yi amfani da ikonsu na sashe na 226 na Tsarin Mulki su soke umarnin ƙwace kadara, su mayar da magana ga jami'in ya sake ta daga farko. Wannan nasara ce ta samun lokaci, ba ta shafe bashin ba.

Hujja ta biyu ita ce wucewar wa'adi. Tana aiki idan hukuma ta fake da zargin ɓoye gaskiya domin ta more shekara 5, alhali duk bayanan suna hannunta tun farko. Sai dai ƙarfinta kan ragu idan bashin ya taso ne daga saɓa sharaɗin rangwame. A shari'ar asibitin Mediwell ta 1996, wadda ta shafi na'urorin da aka shigo da su ba fito bisa sharaɗin duba marasa galihu kyauta, Kotun Ƙoli ta ce irin wannan sharaɗi nauyi ne mai ɗorewa. A 2001 kuma, a shari'ar wata cibiyar kula da masu ciwon daji, ta ce wa'adin sashe na 28 bai hana neman fiton ba idan an ƙwace kayan saboda saɓa sharaɗi.

Hujja ta uku ita ce ta hurumi tsakanin hukumomi biyu. 'Yan kasuwa kan ce tunda DGFT ce ta ba da lasisi, ita kaɗai ke da ikon cewa an saɓa shi. Kotun Ƙoli ta ƙi wannan a 1996 a shari'ar kamfanin Sheshank Sea Foods, inda ta ce kwastan na da ikon bincika ko an karkatar da ɗanyen kayan da aka shigo da su ba fito zuwa kasuwar cikin gida. Amma bayan 'yan shekaru, a shari'ar Titan Medical Systems, ta ce kwastan ba za ta hana rangwame bisa zargin an yi ƙarya wajen samun lasisin ba, matuƙar hukumar da ta bayar ba ta ɗauki mataki a kai ba. A 2012 majalisa ta ƙara sashe na 28AAA domin a iya karɓo fito daga wanda ya samo irin waɗannan takardu ta hanyar yaudara.

Hujja ta huɗu ta shafi jami'in da ya rubuta takardar. A ranar 9 ga Maris, 2021, a shari'ar kamfanin Canon India, Kotun Ƙoli ta ce jami'an Hukumar Leƙen Asirin Kuɗin Shiga, wato DRI, ba su ne doka ta ba ikon aika takardar neman fito ba. Kamfanoni masu yawa sun yi amfani da wannan hukunci aka dakatar ko aka soke shari'o'insu. Gwamnati ta gyara dokar a 2022, ta kuma halatta takardun baya. A ranar 7 ga Nuwamba, 2024, kotun a ƙarƙashin Babban Alƙali D. Y. Chandrachud ta sake duba hukuncin nata ta janye shi, ta tabbatar da ikon jami'an DRI. Waɗanda suka jingina da wannan hujja kaɗai sun tarar da bashinsu yana jiransu.

Hujja ta biyar ita ce ta tara biyu a kan laifi ɗaya. Babbar Kotun Gujarat ta ɗauki ra'ayin cewa idan an ci kamfani tara, ba a sake cin aboki, tunda su ɗin abu ɗaya ne. Amma a Janairun 2016 zaman alƙalai uku na Babbar Kotun Bombay, a shari'ar Amritlakshmi Machine Works, ya ce ana iya cin kamfani da aboki tara a lokaci ɗaya a ƙarƙashin sashe na 112, idan takardar tuhuma ta nuna hannun abokin a cikin laifin. Ke nan sakamakon shari'a kan danganta da jihar da tashar jirgin take.

Kuɗin shiga zauren ɗaukaka ƙara

Wanda bai gamsu da shawarar jami'i ba yana da kwana 60 ya ɗaukaka ƙara ga Kwamishinan Ɗaukaka Ƙara, ana iya ƙara masa kwana 30 bisa uzuri, ba ƙari. Daga nan sai kotun musamman ta harajin kwastan, CESTAT, wadda aka kafa a 1982, cikin wata 3. Manyan kotuna ba su cika son a tsallake waɗannan matakai a zo gare su kai tsaye ba.

A ranar 1 ga Janairu, 2013, hukumar ta fitar da umarni cewa a soma karɓar bashi bayan kwana 30 da shigar da ƙara, idan ba a sami umarnin dakatarwa ba. A watan Fabrairun shekarar, Babbar Kotun Bombay a shari'ar Larsen & Toubro ta ce ba daidai ba ne a hukunta ɗan kasuwa saboda jinkirin da ba daga gare shi yake ba. Daga watan Agustan 2014 aka sauya tsari: mai ɗaukaka ƙara zai ajiye kashi 7.5 cikin 100 na kuɗin da ake jayayya a kai a matakin farko, kashi 10 a mataki na biyu, kada ya wuce Rupi miliyan 100, sa'an nan a dakatar da karɓar sauran har a gama shari'a. Ga ƙaramin kamfanin iyali da ya riga ya durƙushe, samo wannan kuɗin ajiya kansa babban aiki ne.

Tsakanin kwastan da banki

Sau da yawa kadarar da kwastan ke so ta riga ta zama jingina a banki. A shari'ar Bankin Dena kotun ta bayyana cewa fifikon da gwamnati ke da shi bisa al'adar shari'a bai wuce kan masu bin bashin da ba su riƙe jingina ba, sai idan wata doka ta ba ta fifiko a fili. A 2011 aka ƙara sashe na 142A, wanda ya sa bashin kwastan a gaba, amma ya ware haƙƙin bankuna a ƙarƙashin dokokin karɓo bashi na 1993 da 2002, daga baya kuma aka haɗa da dokar fatarar kamfanoni ta 2016. A watan Agustan 2022, a shari'ar kamfanin ƙera jiragen ruwa na ABG Shipyard, Kotun Ƙoli ta ce da zarar kamfani ya shiga hannun masu warware bashi, kwastan na iya lissafa abin da take bi, amma ba ta da ikon sayar da kayansa ta biya kanta. Wannan hukunci a kan kamfanin hannun jari aka yanke shi.

Gwamnati da kanta ta ga yawan shari'o'in, domin a manufar cinikin waje da ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 2023, ta yi afuwa ta wani ɗan lokaci ga waɗanda suka gaza cika sharaɗin lasisin nan biyu: su biya fiton, kuɗin ruwan kuma kada ya zarce uwar kuɗin. Ba a sa waɗanda ake tuhuma da zamba ko karkatar da kaya a cikin afuwar ba.

Abin da ya shafi 'yan kasuwar Nijeriya

Indiya na daga cikin manyan masu sayen ɗanyen ƙwallon kashu na Nijeriya, wanda masana'antun Kollam da Mangaluru ke fasawa su sake fitarwa. Ƙasar ta sa fiton kashi 5 cikin 100 a kan ɗanyen kashu a 2016, ta rage zuwa kashi 2.5 a 2018, kuma masu sarrafawa kan yi amfani da lasisin shigo da ɗanyen kaya ba fito. Idan kwastan ta rufe asusun mai saye, ko ta tsare kayansa a tasha, wanda ya aika kaya bashi daga Legas shi ma ya shiga layin masu jira, alhali Babban Bankin Nijeriya ya ɗibar wa masu fitar da kayan da ba na man fetur ba kwana 180 su dawo da kuɗin cinikinsu. Sanin irin rajistar da mai saye ke da ita, da neman takardar lamunin banki kafin a loda kaya, kariya ce mai arha.

A gida kuma, dokokin haɗin guiwa na jihohin Nijeriya sun samo tushe ne daga dokar Ingila ta 1890, wadda ita ma dokar Indiya ta ɗebo da yawa daga cikinta. Yin rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni ba ya raba dukiyar mutum da ta kasuwancinsa. Dokar Kamfanoni ta 2020 ce ta shigo da haɗin guiwa mai iyakantaccen alhaki a duk faɗin ƙasa. Dokar Hukumar Kwastan ta 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, yayin da sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe shari'o'in kwastan da harajin fitar da kaya ga Babbar Kotun Tarayya. Hukuncin kotunan Indiya ba ya ɗaure alƙalin Nijeriya, sai dai lauya na iya kawo shi a matsayin abin dubawa.

Ga 'yan'uwa ko abokai da ke shirin haɗa jari su fitar da riɗi, ko citta, ko zoɓorodo, lokacin yanke shawarar irin rajistar da za a yi shi ne kafin a sa hannu a takardar alkawari ta farko. Wanda kuma ya bar haɗin guiwa, ya tabbatar an cire sunansa a rajista, an sanar da banki da hukumomin da abin ya shafa a rubuce, ya kuma adana kwafin takardun.